Yadda Na Sayar Da Ragona Na Sayo Jita

Jama'ar kwaleji, tun ran da aka fara jin ƙarar jita tana tashi daga ɗakin koyon aikin lantarki, rana ba ta fitowa ta faɗi wani bai tare ni ya tambayi inda na samo ta ba. Saboda haka na ga ya kyautu in rubuta labarin cikin wannan mujalla tamu, kowa ya karanta, ni kuma in huta.

Ni haifaffen Potiskum ne. Mahaifina dillali ne a kasuwar shanu, wadda ku duka kun san tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. A gidanmu ba a taɓa yin makaɗi ba, ko da na kalangu. Ina aji ɗaya wani abokina ya tura mini kiɗan Mdou Moctar a waya, wani Buzu mutumin Nijar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Da na ji kiɗan nan sai na kasa barci. Na yi ta bincike har na gane irin jitar da ya ke kaɗawa yanzu ita ce irin wadda Jimi Hendrix na Amurka ya yi suna da ita a kiɗan rok kafin ya rasu a 1970.

To, bari in bayyana wa wanda bai sani ba. Jita iri biyu ce. Akwai mai ƙoƙo, wadda cikinta rami ne, kamar gurmi ko garaya, ko kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos. Ramin nan shi ke ƙara wa tsirkiya murya. Akwai kuma wadda jikinta katako ne zalla, ba rami. Ita wannan a ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida an dasa maganaɗisu, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai 'yar wutar lantarki ta taso cikin wayar, ta bi igiya zuwa amfilifaya, shi kuma ya ƙarfafa ta ya miƙa wa lasifika. Dalilin da ya sa aka toshe cikinta kuwa, mai ƙoƙo in an ƙure mata murya sai ta riƙa jin kanta daga lasifika tana kuka, ba ta biyuwa. Wani Ba'amurke, Leo Fender, shi ya fara yin irin wannan da yawa don sayarwa a 1950, sa'an nan ya fito da Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson kuma ya fito da tasa, Les Paul, a 1952.

Kuɗi fa? Ina da rago guda wanda na yi shekara ina kiwo, da niyyar in sayar in riƙe kuɗin saboda watannin da za a tura mu koyarwar gwaji. Da Babbar Salla ta gabato na sayar da shi da daraja. Daren nan na durƙusa gaban Baba na faɗa masa abin da na ke nufi. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Wato roƙo za ka koma?" Na ce, "A'a Baba, ilmi ne a ciki." Ya ce, "Ragonka ne, kuɗinka ne. Amma in lokacin tafiyarku ya zo kada ka dube ni." Na tashi jikina a sanyaye. Ina bakin zaure sai ya kira ni ya ce, "Kai yaro, ban san abin da za ka saya ba, amma ba a sayen sa don ƙaho. Buɗa bakinsa ka ga haƙori, ka sa a kora shi ka ga tafiyarsa."

Na zaga Potiskum ban sami irin wadda na ke so ba, sai masu ƙoƙo. Ran nan da asuba na shiga mota, muka bi ta Azare da Wudil, kafin azahar muna Kano. Na nufi Sabon Gari, inda masu sayar da kayan kiɗa da lasifikoki su ke.

Kantin farko da na shiga, idona ya faɗa kan wata ja, tana walƙiya kamar amarya, ga sunan Fender ɓaro-ɓaro a kanta. Mai kanti ya sa mata kuɗin da bai ko kai na ragona ba, ya rantse daga Amurka ta zo. Zuciyata ta ce, "Kai, ka tsinci dami a kala!" Har na sa hannu aljihu, sai maganar Baba ta faɗo mini. Na ce a ba ni in gwada. Ya ce sabuwa ba a gwada ta, sai an biya. Na ce to, zan zagayo.

Cikin wani lungu na iske wani tsoho mai gyaran kayan kiɗa, wanda ya ce ya yi shekaru yana kaɗa jita a coci. Na gaishe shi na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Ɗana, ta gaskiyar sai ka kora garke, rago ɗaya ba ya sayenta. Waccan suna kawai aka manna mata. Zauna in nuna maka."

Ya ɗauko wata tsohuwa, baƙa, fenti duk ya kankare, ba ta da wani suna na kirki. Ya ce abu huɗu a ke dubawa. Na fari, ka ɗora ta a ido kamar mai auna bindiga, ka dubi wuyanta, in ya murɗe to ka ajiye. In lanƙwasa kaɗan ya yi ba laifi, don akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan wadda a ke ɗaurewa ko a sassauta, kuma a ƙasarmu dole a riƙa dubawa, gama hunturu na busar da katako. Na biyu, ka danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfen da ke gicciye a wuya, ka saurara ko tana zuza. Na uku, ka kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan ka danna ta a ƙarfe na 12, wanda ya ke daidai tsakiyarta. Dole muryar ta zama ita ce dai, sai dai ta fi siranta. In ta kauce, ko ka shekara kana ɗaure tsirkiya kiɗanka ba zai daidaita ba. Na huɗu, a jona ta, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi.

Tsohuwar nan ta ci duk jarrabawa huɗu. Na koma kantin farko na roƙi a bar ni in ɗora jar a ido kawai. Af! Ashe wuyanta a murɗe ya ke kamar ƙahon rago. Na komo wurin tsoho muka yi ciniki, ya yi mini ragi, ya ƙara mini igiya kyauta. Masu magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Amma fa rashin sani ya fi dare duhu. Duk ɗokin nan na manta da amfilifaya, kuɗin da ya rage kuwa na mota ne kurum. Da na iso gida ƙannena suka kewaye ni, na kaɗa, sai wata 'yar murya ta fito kamar kukan sauro. Baba yana kan buzunsa ya ce, "Ragon ke nan?" Kowa ya fashe da dariya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Malaminmu na lantarki shi ya fid da ni. Ya ce, "Kai da ke koyon sana'ar, ka tsaya kuka?" Muka sami tsohuwar rediyo muka cire lasifikarta, muka yi mako uku muna haɗa 'yan kayayyaki da dalma. Muka sa ta yi aiki da batir, don ko an ɗauke wuta kada kiɗa ya tsaya. Ranar da ta fara ruri ita ce ranar da kuka ji.

Lokacin koyarwar gwaji ya zo, Baba kuwa bai saɓa maganarsa ba, ko kwabo bai ba ni ba. Na sha gari da ƙuli-ƙuli har na gode Allah, na yi ta zuwa makaranta a ƙasa. Wata rana darasi ya kawo mu kan yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki, abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Na zana a allo, yara suka yi ta hamma. Kashegari na zo da jita. Na sa tsirkiyar ƙarfe suka ji ƙara, na ɗaura zaren roba a madadinta na kaɗa, lasifika ta yi tsit. Na tambaye su dalili. Wata yarinya a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai maganaɗisu ba ya kama roba." Daɗin da na ji ran nan ya fi kuɗin rago.

Da na ba Baba labari bai yaba ba, bai kuma kushe ba. Ya dai ce, "To, ka duba haƙorin ke nan." Har yau ba ya yarda in kaɗa a gida, ni ma ban sāke roƙo ba. Amma bayan mako biyu na tarar da ɗan tinkiya ɗaure a turken da ragona ya bari, na tambaya, Inna ta ce ita ba ta san wanda ya kawo shi ba.

'Yan'uwana ɗalibai, duk mai niyyar sayen irin wannan jita, ya tanadi kuɗin amfilifaya tun kafin ya hau mota, kada kuma ya biya sai ya gwada. Wanda ke so ya ga yadda a ke dubawa, ya same ni a ɗakin lantarki bayan la'asar. Haza wasalam.