Gadu Ba Zabo Ba Ne

Mai karatu, ka taɓa lura da maharbi a finafinanmu? Bindiga ɗaya ce tal, da ita zai harbo zabo, da ita zai kayar da mugun dawa. Mu da muka tashi a Ƙauyen Alu muna jin hirar tsofaffin maharba, abin dariya yake ba mu.

Namijin gadu fa yakan kai kilo 100, ga fata mai kauri, ga haure kamar wuƙa. 'Yan ƙananan harsasan da ake watsa wa zabi rauni kawai za su yi masa, kuma gadun da ya ji ciwo yana iya juyowa kan maharbi. Harba-ka-ruga kuwa, sunanta ma ya gaya maka: sau ɗaya take tashi, kafin ka sake ɗura albarushi ya iso. Shi ya sa a Amurka masu farautar aladen daji sukan zaɓi harsashi mai nauyi irin .308. A nan gida, Dokar Makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigar soja mai 7.62, ita kanta harba-ka-rugar sai da lasisi.

Daraktocinmu, don Allah ku riƙa tambayar maharba. Yara na kallo, kuma abin da suka gani shi suke ɗauka gaskiya.