Hular da Inna ta bari

 Bayan rasuwar Inna a Azare, na tarar da hular da take ɗinka wa Baba a cikin kwallarta, allura na soke, saura rabi. Na taho da ita Ibadan. Wani tsoho ɗan Katagum ya riƙa koya mini ɗinki in mun rufe shago. Wata bakwai na yi. Nawa ya karkace, nata kuwa ras. Niyyata in sa ta a gilashi a rataye. Da na kai wa Baba, ya shafa inda hannunta ya tsaya, ya ce, "Hula ta kai ce, ba ta bango ba." Da ita ya je Idi. Allah Ya jiƙan Inna.