Yini Guda A Bayan Babur A Tsaunukan Biyetnam

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani yini da na yi a bayan babur a ƙasar Biyetnam, cikin watan Nuwamba na 2019. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi, domin a ciki akwai inda ban kyauta ba, mutum kuwa ba ya ɗokin faɗin irin wannan.

Tafiyar tawa ta mai ƙaramin guzuri ce. Kayana duka jaka ɗaya ce ta goyo, in kwana a masauki mai araha, in shiga motar da talakawa ke shiga. Zafin Saigon, wadda tun 1976 a ke kira Ho Chi Minh, shi ya kore ni, na shiga mota muka yi ta hawa wajen mil 190 har garin Dalat. Garin yana bisa tudu kusan ƙafa 5,000, watau ya ɗara Jos tsawo, sanyinsa da dare kuwa sai da bargo. Wani likita Bature, Alexandre Yersin, shi ya iso wurin a 1893 ya kai wa Faransawa masu mulkin ƙasar labari. Shi ne kuma bayan shekara guda ya gano ƙwayar annobar nan da ɓeraye ke yaɗawa. Faransawa suka mai da wurin garin shan iska, suka gina gidaje irin na ƙasarsu.

Da safe ina tsaye bakin tafkin da ke tsakiyar gari, sai ga wani dattijo ya tsai da babur, ya gaishe ni da Turanci mai kyau. Ya fito da wani littafi da ya sha hannu, cike da shaidar matafiyan da ya taɓa ɗauka, kowa da harshensa. Wannan ita ce al'adar masu baburan Dalat, ba kai mutum unguwa kaɗai su ke yi ba, ja-gora ne. Ya faɗi kuɗin yini. Ni kuwa a raina na ce ai ɗan acaba ne kawai, na raba kuɗin biyu, na juya kamar zan tafi. Ya yi shiru, ya dubi sama inda hadari ke haɗuwa, ya dubi titi ba wani baƙo, ya ce to. Na ji daɗi, ina ganin na iya ciniki.

Ya ɗaure jakata a bayan babur, ya ba ni hular kwano, ya yi mini gargaɗi guda: kullum in sauka ta hagu, domin salansa tana dama.

Muka fara da tashar jirgin ƙasa da aka gama a 1938. Dā can jirgi kan hawo nan daga bakin teku bisa wata hanya mai haƙora a tsakiya, don kada ya zame a gangare. Yaƙi ya tsai da ita, bayan 1975 aka ciccire ƙarafan, a 1990 kuma mutanen Siwizalan suka sayi kawunan jirgin suka kai nasu tsaunuka. Abin da ya rage bai kai mil 5 ba, baƙi ke hawa don sha'awa.

Daga nan muka fita gari. Jama'a, kwari da tudu duk rumfunan leda ne, fari fat, sai ka ce an shanya zannuwa, a ciki a ke noman furanni da kabeji da latas. Na yaba, shi bai yaba ba. Ya ce yana yaro nan duk dajin itacen nan ne mai ganye kamar allura, yanzu ruwan sama in ya sauka bisa leda ba ya shiga ƙasa, sai ya kwarara cikin gari.

Muka gangara wata hanya mai kwane-kwane har gonakin gahawa, muka tarar ana tsinka. A ƙofar kowane gida an baza 'ya'yan a tamfol suna shan rana, wasu ja, wasu sun yi baƙi. Faransawa suka kawo irin tun ƙarni na 19, amma bai bunƙasa ba sai bayan 1986, sa'ad da gwamnati ta sassauta, manomi ya sami damar noma wa kansa ya sayar. Kafin shekara 20 ba ƙasar da ta fi su fitar da gahawa sai Birazil. Na yi ta juya wannan a raina, ina tuna dalar gyadarmu ta Kano. Amma ya nuna mini rijiyoyin da a ke ban-ruwa da rani, ya ce kowace shekara sai an ƙara zurfi, kuma ƙasar nan asalinta ta ƙabilun dutse ce, irin su Koho, waɗanda baƙi daga kwari suka rinjaya da yawa. Koho ɗin nan a wurinsu dangin mace ke zuwa neman aure, miji ya tare a gidan matarsa, 'ya'ya su bi dangin uwa. Da na gaya masa yadda mu ke yi, ya ce ashe mazanmu na shan wahala.

A garin Nam Ban muka shiga masaƙar alharini. Na ga tsutsar da a ke ciyarwa da ganye, na ga mata tsaye bakin ruwan zafi suna kamo bakin zare daga gidan tsutsar, injin yana naɗewa. Na ba shi labarin tsamiyarmu da a ke yi wa sarakuna riguna da ita, ya tsaya ya rubuta sunan a littafinsa.

Azahar ta yi. Tun da safe na faɗa masa sau ɗaya ni Musulmi ne, ban maimaita ba. Sai na ga ya wuce gidajen abinci da yawa, ya tsaya a wani na mabiya Buddha inda ba a dafa nama ko kaɗan. Muka ci shinkafa da ganye da awara. Ya roƙar mini ruwa da tabarma, na duba alƙibla, na ga a can yamma a ke fuskanta, abin da ban saba ba tun da aka haife ni.

Wurin cin abincin nan ne ya ji ni malamin makaranta ne. Ya miƙe tsaye, ya ce, "Malam, ai ni ma abin da na so in zama ke nan." Ashe yana saurayi tafinta ne a rundunar Kudu. Da Kudu ta faɗi a 1975 aka tsare shi a sansanin gyaran hali, da ya fito kuma ba mai ba shi aikin gwamnati. Ya yi noma, ya yi dako, har ƙasa ta buɗe wa baƙi ya sayi babur. Da shi ya sa 'ya'yansa makaranta. Harshe uku ya ke ji. Ya faɗi haka ba ƙorafi, yana zuba mini shayi, ni kuwa shinkafa ta ƙi wuce mini.

Da la'asar muka ga Magangarar Giwa, ruwa yana faɗowa da ƙugi kamar na Gurara. Muna komowa hadari ya tsinke. Ya tsaya mu sa rigar leda, ni kuwa don gaggawa na dire ta dama, ƙwaurina ya manne da salansa. Wayyo! Bai ce ai na gaya maka ba. Ya durƙusa cikin taɓo, mutumin da ya haife ni, ya yi ta zuba ruwan sanyi, ya fito da magani da bandeji daga jakarsa ya ɗaure. Sa'an nan ya tuƙa a hankali cikin hazo, manyan motoci na wuce mu, har ƙofar masauki.

Na ƙirga kuɗin da ya fara faɗi, na ƙara wasu a kai, na ce, "Baba, ka yafe mini cinikin safe." Ya ƙirga, ya ɗauki daidai abin da ya fara faɗi, ya maido mini sauran, ya miƙo littafinsa. Na rubuta shafi guda da Hausa. Ya sa na karanta masa da ƙarfi, ya ce duk littafin ba mai irin wannan harshe, ya tambayi yadda za ya gaya wa baƙi sunansa. Tabon yana nan a ƙwaurina, faɗinsa kamar kwabo.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Zariya.