Ranar da Ɓera Ya Yi Mana Girki a Faransa

A Jangeru, idan ka ce wa mutum ɓera ya shiga madafa, muciya zai ɗauka, ko ya aika a nemo kyanwa. Shi ya sa da ɗan kawuna ya ce mini ya kama mana wurin cin abinci a gidan ɓera, na ɗauka wasan taubasai ne ya motsa. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, kuma tun muna yara, duk hutun da aka kai ni Maraɗi wurin dangin mahaifiyata, ba ya bari in sha ruwa da tsokana. Yanzu ya daɗe a Faransa, yana zaune da iyalinsa a wajen birnin Paris. Wani taron aiki na mako guda ne ya kai ni can a watan Satumba na 2023. Da aka tashi, sai ya rantse ba zan koma Zamfara ba sai ya biya ni kuɗin sharar da na daɗe ina bin sa.

"Bawana, ka shirya," in ji shi. "Disneyland za mu, kwana biyu. In ka koma gida ka sami na faɗa a bakin kasuwa."

Mu biyar muka fita: ni, shi, maiɗakinsa da yaransu biyu. Daga tsakiyar Paris muka hau jirgin ƙasa da suke kira RER A, muka miƙe gabas, tafiyar kusan minti 40, har tashar Marne-la-Vallée Chessy. Nan layin ya tuƙe, kamar yadda namu dogon ya tuƙe a Ƙaura Namoda tun 1929, sai dai su da ka fito daga tasha ƙofar wurin wasan ce a gabanka. An buɗe wurin ranar 12 ga Afrilu, 1992, a filin da da gonaki ne, da sunan Euro Disney, kafin a sauya masa suna a 1994. A 2002 aka ƙara masa fili na biyu, wanda aka gina kan harkar finafinai. Na hau abubuwan da suka juya mini hanji, na ga gidan sarauta mai hasumiyoyi kamar a mafarki, amma duk wannan wasu sun riga ni ba da labarinsa. Abin da ya bi ni har gida shi ne yadda suke ciyar da mutane.

Gidan ɓeran sunansa Bistrot Chez Rémy, yana cikin fili na biyu, an buɗe shi a 2014. Tushensa wani fim ne na zane mai suna Ratatouille da ya fito a 2007, labarin wani ɓera, Rémy, da Allah ya ba shi hanci da hannun girki, har ya zama kuku a Paris. To, da ka shiga, sai a mayar da kai girman ɓera. Teburin da muka zauna murfin kwalba ne da aka yi shi ƙato, kujerun kuma an ƙera su da siffar abin toshe bakin kwalba. Abin da ya raba mu da masu cin abinci na gefe faranti ne a tsaye, ya fi ni tsawo. Ƙaramar yarinyar ta kama hannuna ta ce, "Baba, yau kai ma ɓera ne." Ubanta ya ce ai dama can.

Tun a bakin ƙofa na ga an liƙa takardar abinci da farashi, kowa na tsayawa ya karanta kafin ya shiga. Na ce wannan gidan akwai gaskiya. Ɗan kawuna ya ce ba halin gidan ba ne kawai, doka ce a Faransa: mai gidan abinci sai ya kafe farashinsa a waje, kuma kuɗin da ka gani ya haɗa da haraji da ladan mai kawo maka abinci. Ruwan sha na buta da burodi kuwa suna cikin lissafi, ba a ƙara maka ko sisi a kansu.

Da aka miƙo mini takardar, sai na yi abin da kowane Bahaushe yake yi idan wani ne zai biya. Na bar sunayen abinci, na bi layin dama da ido ina neman wanda ya fi araha. Ban ga komai ba. Babu kuɗi a gaban kowane abinci, sai a sama kawai aka rubuta adadi. Maiɗakin ɗan kawuna ta lura da ni, ta yi murmushi.

"Yaya, daina wahalar da idonka," ta ce. "Kuɗin ɗaya ne. Ka zaɓi ɗaya a nan, ɗaya a nan, ɗaya a nan. Duk wanda ka ɗauka, abin da zai biya bai canza ba."

Tsarin ke nan a lokacin. Abincin hawa uku ne: na buɗe baki, sai babban abinci, sai kayan zaƙi. Mai son hawa biyu akwai nasa farashi, mai son ukun akwai nasa, yara 'yan shekara 3 zuwa 11 kuma nasu daban, ƙasa da na manya. A kowane hawa an ba ka 'yan abubuwa ka zaɓa. Kafin cokali ya shiga bakin kowa, mai gayya ya san abin da zai fita daga aljihunsa, in ban da abin sha da wani ya ƙara.

Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke mini. Mu mutanen kara ne. Baƙo ya ga kaza ransa yana so, sai ya ce shi wake da shinkafa sun ishe shi, wai cikinsa ba ya son maiƙo. Mai masauki kuma yana cewa "ku ƙara, don Allah ku ƙara," zuciyarsa tana lissafi. Na taɓa kai surukaina wani gidan abinci a birni, aka ci aka sha, da takardar kuɗi ta zo sai ga wasu ƙare-ƙare da ban san da su ba, har na faki ido na fita waje na kira wani aboki ya turo mini ciko. Tun ranar ban sake cin abinci a irin wuraren nan da natsuwa ba. A gidan ɓera kuwa, baƙo ba shi da abin yi wa kara, mai gida ba shi da abin tsoro. Ciniki ya ƙare tun a bakin ƙofa, abin da ya rage hira ce.

Na zaɓi kifi, don ban san yankan naman ba, kuma duk Musulmin da ya je irin wurin nan ya kamata ya buɗe baki ya tambaya, game da nama da kuma abin da aka zuba a miya, domin girkin Faransawa yakan zo da giya a ciki. Aka fara kawo hawan farko, ɗan ganye da kayan lambu a tsakiyar faranti. Na dube shi, na dubi burodi, na ce a raina ashe abin da ake kururutawa ke nan. Sai na bi burodin nan na cinye kwandon tas, don kada yunwa ta kunyata ni. Ina share baki sai ga babban faranti ya sauka. Taubashina ya yi dariya har da hawaye.

"Bawana, ka cika rumbu da ƙaiƙayi, ga hatsi ya iso."

A gefen kifin aka zubo abin da fim ɗin ya ci sunansa, wato ratatouille. Na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa, sai na gane mutanena: tumatir, albasa, tattasai, gauta irin doguwar nan mai baƙin jiki, da wani ɗan uwan kabewa, an dafa su a man zaitun har suka saki jiki. Asalinsa abincin manoman kudancin Faransa ne, wajen birnin Nice. Yawancin abin da ke cikin farantin nan ana nomansa a fadamunmu na ƙasar Shinkafi, har ya yi kwantai a kasuwa lokacin da ya yi yawa. Su sun ɗauki miyar talakansu, sun yi mata fim, sun gina mata gida, mutane suna kama wuri tun wata biyu kafin ranar don su ci. Na tuna hocen da ake yi mana da dawa, wanda yaranmu na birni suke jin kunyar a gan su da shi.

Wannan tsari bai faɗo daga sama ba. Kamfanin da ya gina wurin na Amurka ne, can aka buɗe Disneyland ta farko a Kalifoniya a 1955, kuma Ba'amurke ya saba ya sayi abu a hannu yana tafe yana ci, ko da wane lokaci. Da suka zo Faransa sai suka tarar da mutanen da ba sa wasa da zaman cin abinci. Rana na take tsaka kowa zai nufi teburi a lokaci guda, yana son a zaunar da shi, a kawo masa abinci hawa-hawa. Har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta zaman cin abincin Faransawa cikin kayan gadon duniya a 2010. Dole baƙo ya bi al'adar gari. Kuma idan ka duba ta wajen mai dafawa, dabarar a fili take: wanda zai ciyar da ɗaruruwan mutane cikin awa biyu, in ya taƙaita abincinsa zuwa kala kaɗan, ya san yawan cefanensa, tukunyarsa ba ta jiran kowa, abin da zai zubar kuma kaɗan ne. Ai mai tuwon kasuwa ma ta san wannan, shi ya sa ba ta yin miya goma.

Kashegari muka shiga babban filin, muka ci na rana a Agrabah Café, wanda aka sa wa sunan garin da ke cikin fim ɗin Aladdin. Sai ka bi ta wani lungu mai rumfuna da fitilun tagulla kamar kasuwar Larabawa kafin ka kai. Nan kuɗin ƙofa ɗaya ne, abinci kuma a jere, ka ɗebi abin da kake so, ka koma sau nawa ka ga dama. Akwai kuskus, wanda ya tuna mini da burabusko, da kayan lambu iri-iri, da kayan zaƙi masu zuma. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ban ga ana turereniya ba. Kowa ya ɗebi kaɗan, ya ci, ya dawo, saboda ya tabbata in ya dawo zai samu. Wawason da muke yi a wajen biki ashe ba yunwa ce kaɗai ke kawo shi ba, har da rashin tabbas.

Sauran gidajen leƙa su kawai muka yi. Akwai Captain Jack's, inda kullum dare ne a ciki, tebura a bakin ruwa, kwale-kwalen masu wasa suna wucewa ta gabanka kana cin abinci. Akwai Auberge de Cendrillon, inda 'yan mata cikin shigar gimbiyoyin tatsuniya suke zagayawa teburi-teburi suna gaisawa da yara, shi ma farashi ɗaya, sai dai mai nauyi. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana da wuraren da zai bi layi ya karɓi nasa a tire, irin su Hakuna Matata, nan ma an haɗa abinci da abin sha a kuɗi guda. Ba zan ɓoye ba, ko mafi arahar cikinsu in ka juya shi zuwa naira sai ka riƙe baki. Amma tsadar a rubuce take, ba ta laɓe tana jiran ka ƙoshi ba.

A jirgin dawowa na yi ta tunanin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Mu ma muna da namu tsarin, sai dai ta ɗaya gefen muka ɓullo masa. Ka tsuguna gaban mai abinci ka ce, "Inna, zuba mini na ɗari biyar," ita kuma ta auna da mara daidai kuɗinka. Kai ke yanke kuɗi, ita ta yanke abinci. Su can su suke yanke kuɗin, kai ka zaɓi abincin. Namu ya fi tausayin talaka, domin ko nawa gare ka ba za ka tashi da yunwa ba. Inda yake gazawa shi ne ranar da ka zo da baƙo, domin a gabansa za ka ambaci kuɗin, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya nemi ƙari ba.

Bayan na dawo da 'yan makonni, wasu abokan aiki huɗu suka zo mini daga Gusau. Da sassafe na je wurin wata dattijuwa mai tuwon shinkafa da na daɗe ina ci a wurinta, na ce, "Inna, baƙi gare ni da rana. Nawa za ki yi mini kowane mutum, tuwo da miyar da ya zaɓa, da nama, da fura a bayansa, ko sau nawa ya nemi ƙari?" Ta dube ni kamar na zo da sabon yare, ta yi lissafi da yatsu, ta faɗi kuɗi. Na biya nan take. Da baƙin suka zauna, babbansu ya fara cewa shi kaɗan za a sa masa, bai daɗe da karyawa ba. Inna ta ajiye masa malmala biyu ta ce, "Alhaji, ci abinka, an riga an gama magana." Sai da ya nemi ta uku.