Binne: abin da ƙasar Damargu ta koya mini game da addu'a

A watan Oktoba na 2004 aka tura ni Tanut koyarwa, ina saurayi, ban daɗe da gama karatu ba. Ni ɗan Tsibiri ne. Na tashi a gidan Kirista, irin gidajen da suka karɓi bishara bayan da mishan ta SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924. Addu'a ba baƙuwa ce gare ni ba: da ita muke tashi, da ita muke kwanciya. Sai dai a lokacin na ɗauke ta kamar takardar neman taimako da ake kai wa hukuma. Ka jera buƙatunka, ka miƙa, ka zauna jiran amsa.

Na iske Damargu cikin zullumi. Damina ta yanke da wuri, farin dango kuma ta bi ta kan abin da ya rage. Ƙasar da aka sani da gero, wadda ayarin Abzinawa ke sauka su yi awo tun zamanin kakanni, ta wayi gari rumbunanta wayam. A cikin 2005 buhun gero ya doshi jika talatin, mata a ƙauyuka suna jiƙa anza kwana da kwanaki don su kashe ɗacinta. Ajina ya riƙa raguwa. Yau a ce wannan ya bi mahaifinsa Agadas, gobe a ce waccan sun gangara Kano. Albashina na ɗan kwantiragi ba ya zuwa kan lokaci, ga kuma ƙanne biyu da nake riƙo.

Na yi addu'a kamar ban taɓa yi ba, da azumi, da kwanan zaune. Na roƙi albashi, na roƙi canjin wurin aiki, na roƙi ruwa. Shiru. Daga nan zuciyata ta soma tsami. Ran Lahadi ina zuwa sujada tare da ƴan'uwa ƙalilan da muke da su a garin, bakina yana waƙa, cikina yana ƙorafi.

Wanda ya warware mini ƙullin ba fasto ba ne. Maƙwabcina ne, wani dattijo Musulmi. Wata safiya a watan Yuni, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, na gan shi ya fito da tiya biyu ta iri zai tafi gona. Na san gidansa ba a kwana da ƙoshi. Na ce, "Baba, ba gara yara su ci wannan ba?"

Ya ce, "Mushe, binne za ni yi. Idan na ci, na ƙoshi yau. Idan na binne, na ba Mai Sama ajiya."

"In ruwan ya yi yayyafi ya ɗauke fa?"

"Sai in nemi wani irin in sake. Shuka tawa ce, ɗana. Hadari ba nawa ba ne."

Maganar nan ta hana ni barci. Na buɗe Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura 16, inda Isra'ilawa a jeji suke tsintar manna ta yini guda, wanda ya ɓoye ta gobe sai ta yi tsutsa. Na tuna addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ba ta roƙi rumbu ba, abincin yini ta roƙa. Sai na ga ciwona: ina roƙon Allah ya ba ni abin da zai sa in daina bukatarsa.

Tun daga ranar addu'ata ta gajarce. Da asuba in miƙa masa yinin, da ɗalibaina suna bayan suna, sa'an nan in tashi in yi abin da ke hannuna. Na soma raba furar rana da yara biyu da ke zuwa daga nesa, abin da tsoron gobe ya hana ni a da. Dogara ga Allah ba naɗe hannu ba ne. Dattijon nan da sungumi ya fita.

Binnensa na fari ya ƙone. Ya ranto iri ya sake, na biyu ya kama, daminar 2005 kuma ta yi albarka. Amma wasu ɗalibaina ba su dawo ba, har yau ban san dalilin da ya sa aka amsa wata addu'ar aka bar wata ba. Abin da na sani, rashin sanin ya daina raba ni da Ubangijina.

Mu malamai ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Kowane Oktoba muna zuba iri a busasshiyar ƙasa, ba mu san wanda zai tsira ba. Shekara ashirin ke nan ina koyar da Faransanci da Hausa, duk ranar komawa makaranta sai na tsaya a bakin aji na ɗan lokaci, in ce a zuci: ga irin, Ubangiji, hadari naka ne. Sa'an nan in ɗauki alli.