Kwana Biyar A Ƙafa Zuwa Chappal Waddi

Tun da aka dawo daga hutun zango na ɗaya ake tare ni a hanyar aji, a ɗakin cin abinci, har a bakin famfo, ana tambayata wai da gaske ne mun je dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya. Da gaske ne. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan jarida ya ce maimakon in riƙa ba da labarin gutsi-gutsi, in rubuta a manna a bango kowa ya karanta, ni ma bakina ya huta.

Sunan dutsen Chappal Waddi, wasu kuma suna ce masa Gangirwal. Yana Jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, kuma tsayinsa mita 2,419 daga doron teku. Duk wanda ya taɓa zama a ajin malaminmu na Labarin Ƙasa ya haddace wannan lamba ko yana so ko ba ya so, domin ba a yin zango ba ta hau allo ba. Don ku kwatanta: Dutsen Dala na Kano, wanda ake hawa ana haki, ƙololuwarsa mita 534 ce daga doron teku. Malam ya daɗe yana koyar da dutsen nan bai taɓa ganinsa ba, shi ya sa ya yi kusan shekara yana shirya tafiyar.

Da na kai wa mahaifina takardar neman izini, sai ya karanta ta sau biyu ya ce, "Wato kuɗi za a biya a je a sha wahala? Me aka ajiye a can sama?" Ban sami amsar da za ta gamsar da shi ba. Sai da Malam ya zo gida da kansa ya bayyana cewa akwai jagora ɗan ƙasar, akwai jami'an gandun daji da za su raka mu, sannan Baba ya sa hannu. Da zai sallame shi ya ce, "Malam, amana ce na ba ka." Daga baya na ji kusan duk iyayenmu haka suka faɗa masa.

Mu tara ne ɗalibai. Tafiyar mota ba zan ɓata muku takarda a kanta ba: Jalingo, Bali, sannan Serti inda ofishin gandun yake, a nan aka karɓi izinin shiga. Gandun an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a ƙasar nan. Daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse kamar rawani, kunnuwanmu suna toshewa, har muka fito kan tudun Mambila, inda muka ga gonakin shayi da bishiyoyin turare da shanu masu ƙiba. Kafin mu isa Nguroje kowa ya zaro rigar sanyinsa. A cikin motar ne Malam ya tuna mana cewa wannan yanki da can yana hannun Jamus ne, ya koma hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1961 mutanensa suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Ƙaramar hukumar Sardauna, mai hedikwata a Gembu, sarautar Sir Ahmadu Bello ce ta ci sunanta. Ashe da ƙuri'ar ta faɗa ɗaya ɓangaren, da wata lamba dabam muke haddacewa a aji.

Daga Nguroje 'yan acaɓa suka kai mu Njawai, a nan ƙafa ta karɓi aiki. Jagoranmu Bafulatani ne, siriri, ya kai shekara hamsin, sanye da takalmin roba irin na makiyaya, da sanda a kafaɗa. Baffa muke ce masa. Abin da ya fara yi shi ne sa kowa ya juye jakar goyonsa a kan tabarma. Nan fa asiri ya tonu. Wani ya zo da dutsen guga mai gawayi, wani da turare kwalba biyu, wani da littafin Fizis wai zai yi bita. Baffa ya ware bargo, rigar sanyi, tocila, safa, kofi, gorar ruwa da buta, ya ce sauran a bar su ajiya. "Samari," in ji shi, "abin da yake kilo ɗaya da safe, da la'asar kilo biyar ne." Abincinmu garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, madarar gari, dabino, indomi da shinkafa. Tantuna da tukwane 'yan dako biyu ne suka ɗauka, amma kowa shi ke goya nasa kayan.

Dokokinsa uku ne. Ba wanda zai wuce shi. Ba wanda zai faɗa bayan jami'in da ke ƙarshen layi. Kuma ƙaramin cikinmu, wani ɗan aji huɗu, shi zai riƙa bin Baffa a baya, tafiyar kowa kuma a kan takunsa za ta kasance. Wannan ta uku ta ɓata wa 'yan ƙwallonmu rai ƙwarai. Sun saba zagaye fili goma ba haki, ga shi an ɗaure su da takun yaro. A ranar farko sun yi ta gunaguni. A rana ta biyu, da muka sauka kwari na uku muka sake hawa, ban ƙara jin muryar kowa ba.

Ga abin da taswira ba ta nuna muku. In an ce dutse, mu 'yan fili sai mu zaci hawa ɗaya ne santal har sama. A can kuwa tudu ne bayan tudu, duk lulluɓe da ciyawa, tsakanin kowane biyu akwai kwari mai rafi. Ka yi awa guda kana hawa, sai ka ga hanya ta sake gangarawa, duk tsayin da ka tara da gumi ka mayar. Gangarar ma ta fi hawan cin gwiwa. Igiyar jaka tana cin kafaɗa, rana tana ƙuna duk da iska na da sanyi. A cikin kwaruruwan ne ake samun kurmi mai duhu, dogayen bishiyoyi sun haɗe kai, ruwa mai sanyi kamar daga firji yana fita ƙarƙashinsu. Malam ya tsayar da mu a bakin ɗaya ya ce ruwan da ke fita daga duwatsun nan shi ne ke zuba cikin kogunan da ke ciyar da Binuwai, Binuwai kuma ya haɗu da Neja a Lakwaja. Na cika gorata ina tunanin ruwan da na hana zuwa Lakwaja.

Baffa ya ce a manyan kurmin gandun akwai birin da ake kira biri mai ganga, wanda Turawa ke ce wa cimfanzi, saboda yana dukan saiwar manyan bishiyoyi da hannu da ƙafa har a ji daga nesa. Ba mu gan shi ba, ba mu ji gangarsa ba, kada wani cikin 'yan tafiyar ya ruɗe ku. Abin da muka gani da yawa shi ne ƙonannun tuddai, inda aka sa wa ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro wa shanu. Jami'an gandun sun ce wutar kan lashi bakin kurmi kowace shekara. Baffa, wanda shi ma yana da shanu, ya ce saniya ba ta cin busasshiyar ciyawa ta ba da nono. Sun yi ta wannan muhawara da Fulatanci da Hausa har muka isa masauki, ni kuwa duk wanda ya yi magana sai in ga kamar shi ke da gaskiya.

Dare shi ne babban jarrabawa. Malam ya koya mana cewa duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. A aji lamba ce kawai, a can kuwa sai da muka kwana mu uku a tanti ɗaya, kowa da safa biyu, haƙora suna haɗuwa. Alwalar asuba kam sai mai ƙarfin hali. Sallolin azahar, la'asar da isha raka'a biyu-biyu muka riƙa yi, kasancewar mu matafiya. Shinkafa ma ta ƙi nuna da wuri, Malam ya ce ba laifin mai dafawa ba ne: a irin wannan tsayi ruwa na tafasa tun bai kai digiri 100 ba, a ƙololuwa wajen 92 ne. A dare na biyu mun sauka kusa da wata ruga, Jauro ya aiko mana da kindirmo cike da ƙwarya, ya ƙi karɓar ko sisi. Ban taɓa shan irinsa ba, ko da yake mai yunwa ba a tambayarsa daɗin abinci.

Rana ta uku ita ce ranar ƙololuwa. Muka bar tantuna da kaya masu nauyi, muka tashi bayan asuba da tocila. Baffa ya gindaya sharaɗi: in azahar ta yi ba mu kai ba, duk inda muke za mu juya, don kada dare ya same mu a gangara. Wajen ƙarfe goma, muna tsallake wani wuri mai duwatsu da raɓa ta jiƙa, ɗan aji huɗun nan ya zame ya yi targaɗe. Bai yi kuka ba, amma idon sawun ya kumbura nan take. Baffa ya murza, ya ɗaure da rawaninsa, ya sa shi ya taka, ya girgiza kai. Ya ce sauran tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, kuma ita ce mafi tsauri. Yaron ba zai hau ba.

Sai Baffa ya kawo shawara: a bar shi da jami'i ɗaya a inuwar wani dutse, da ruwa da dabino, mu je mu dawo cikin awa uku. Jami'in ya yarda. Yaron ma ya ce, "Malam, ku je kawai, ba abin da zai same ni." Malam ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar, ga ta nan ana hango ta, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya sauke jakarsa ya zauna kusa da yaron.

"Baffa, kai su," ya ce. "Wannan ni aka danƙa wa shi."

Muka yi ta roƙo. Babban cikinmu ya ce shi zai zauna a madadinsa, Malam ya ce shi ma ai amana ne, amana ba ta tsaron amana. Wani ya ce to mu takwas ɗin da za mu hau fa, ba amana ba ne? Malam ya ce mu takwas muna da ƙafafu, muna da Baffa da jami'i, wannan kuwa in zazzaɓi ya rufe shi ko tsoro ya kama shi, fuskar da ya sani yake bukata. Ya ciro kyamararsa da ma'aunin zafinsa ya miƙa mini, ya ce in rubuta abin da ya nuna a sama.

Ni har yanzu ina ganin da ya tafi ba wanda zai zarge shi. Jami'in ya fi shi sanin dajin, ya fi shi sanin targaɗe, kuma awa uku ba kwana uku ba ce. Na faɗa masa haka a hanyar dawowa, ya yi murmushi ya ce in na haifi nawa mu sake maganar. Ku da kuke karantawa sai ku yanke naku hukuncin.

Mun isa sama ƙarfe sha biyu saura. Iska tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum, ba bishiya, sai gajeriyar ciyawa da duwatsu. Masu jiran in ce mun hango rabin duniya, ku yi haƙuri: hazon hunturu ya rufe nesa, tuddai biyu ko uku kawai ake gani suna ɓacewa cikin fari. Baffa ya nuna gabas da sandarsa ya ce nan Kamaru ce. Muka ɗauki hoto, muka ci dabino, na duba ma'auni na rubuta. Wani ya ce a wannan lokacin duk Nijeriya ba wanda ke tsaye a ƙasa ya fi mu tsayi, har shugaban ƙasa. Muka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Minti ashirin Baffa ya ba mu, ya ce a juya.

Mun tarar da su sun shimfiɗa taswira a ƙasa, an danne ta da duwatsu, Malam yana koya wa yaron karanta layukan tsayi. Bai tambaye mu ko da daɗi ba. Ya tambayi wane irin dutse ne a sama, ciyawar ta kai ina, iska daga wace kusurwa take busowa, kuma ya rubuta duk abin da muka faɗa a littafinsa. Komawa Njawai kwana biyu ta ɗauke mu. Yaron, mu muka riƙa goyonsa bi da bi har ruga, daga nan Jauro ya ba da aron doki. 'Yan ƙwallon nan da suka yi gunaguni su suka fi kowa goyonsa, suka kuma raba kayan jakarsa a tsakaninsu.

Hotunan suna manne a ƙasan wannan takarda, don Allah a kalla da ido, ban da hannu. Na tsakiya shi ne na ƙololuwa, mu takwas da Baffa. Malam ya ce in sanar cewa ya buɗe rajistar masu son zuwa baɗi a ofishin malamai, wuri goma ne, kuma sai da takardar iyaye. Da na je kai masa kyamararsa na leƙa takardar, suna ɗaya ne a kai zuwa yanzu, na ɗan aji huɗun nan.