Iya Ruwa Fidda Kai

Hausawa kan ce iya ruwa fidda kai. A ganinsu amfanin iyo shi ne tsira, saboda haka suka bar shi ga Sarkawa da masuntan Argungu. Yaron birni kuwa, in aka kama shi a kududdufi, bulala ce rabonsa, domin iyaye suna tsoron nutsewa da cutar tsargiya.

Da wannan tsoro wani Bakano ya girma, ya kuma tafi da shi Moss Side, wata unguwa ta birnin Mancesta a Ingila, inda 'yan asalin Karibiyan da Somaliya suke da yawa. Shekara ashirin yana wucewa ta ƙofar wurin iyo na unguwar, bai taɓa leƙawa ba. Irinsa suna da yawa. Alƙaluman hukumar wasanni ta Ingila da aka yaɗa a 2020 sun nuna kashi 95 cikin ɗari na manya baƙaƙen fata ba sa iyo. A shekarar ne Alice Dearing, 'yar yankin Birmingham, ta haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar koya wa baƙaƙen fata iyo. A 2021 ta zama baƙar mace ta farko da ta wakilci Birtaniya a iyo a gasar Olamfik.

Ciwon gwiwa ne ya tura shi ruwa. Idan ruwa ya kai wa mutum wuya, ƙafafunsa ba sa ɗaukar fiye da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Don haka gaɓoɓi suna hutawa, zuciya da huhu suna aiki. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne natsuwa. Mai iyo dole ya ƙirga numfashinsa, kuma wanda yake ƙirga numfashi ba shi da sararin tunanin kuɗin haya ko sanyin hunturu. Barcinsa ya daidaita, fushinsa ya ragu.

Manhajar makarantun Ingila ta tanadi kowane yaro ya iya iyon mita 25 kafin ya gama firamare. A da yakan nemi uzuri ya hana 'ya'yansa zuwa. Yanzu shi yake riƙe hannun autarsa ya kai ta, domin ya gane tsoron ruwa ba ya hana yaro faɗawa ruwa, sai dai ya hana shi fitowa.